Kawu a Masallacin Bakin Kasuwa

Duk matar da ta shigo yi mana gaisuwa, da magana ɗaya take zuwa. Kafin ta gama gyara zama a kan tabarma za ta ce, "Ashe a masallaci ya cika? Allah ya ba mu irin wannan ƙarshe." Sauran su amsa da amin. Wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya samu sallar gawar, ta ce sahu ya fito har bakin titi, sai da masu adaidaita suka tsaya. Ta dafa gwiwata ta ce, "Ke dai ki gode wa Allah. Tsohon nan akwai wani abu tsakaninsa da Ubangijinsa." Na gode, har yanzu kuma ina godewa.

Mahaifiyata ta iso daga Gumel washegari, an riga an binne shi. Ita ce ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta zauna tana jan carbi, ana ta ba ta labarin yawan jama'a. Sai da mata suka tashi yin alwala ta jawo ni kusa da ita.

"Duk taron nan da suke faɗa, akwai wanda ya san ko shi wane ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna a sakandare ya tsaya, sauran kuma aikin gida ne da tarbiyyar yara. Amma shekarunsa na ƙarshe ni ce mai kai masa abinci, ni ce mai wanke masa kaya, kuma ni yake ba labarin masallaci idan ya dawo. In ban rubuta ba, abin da zai rage a bakin mutane shi ne tsawon sahu.

Kawuna ne, wan mahaifiyata. Kuma surukina ne, domin babban ɗansa nake aure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka tun ina goye bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Garinsu ƙauye ne tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, inda in ka ɗan matsa gona ta arewa sai wayarka ta kama layin Nijar. Manomi ne, gero da wake da riɗi, yana kuma kiwon 'yan awaki ya kai Maigatari ranar kasuwa. Shi ba liman ba, shi ba ladan ba. Amma yana da wani aiki a masallacin garin da babu wanda ya naɗa shi. Da an yi sallama, an shafa addu'a, sai ya juya ya bi sahu da ido, ya ce, "Waye babu?" Wanda duk aka rasa, ƙofar gidansa Kawu zai fara zuwa kafin tasa.

Ladanin garin, wanda abokin wasansa ne, yana ce masa Sarkin Sahu. "Ranka ya daɗe, yau wa za a kamo?" Shi kuma ya ce, "Kai dai ka gyara muryar nan taka, ita ke korar mini mutane."

Ina 'yar yarinya, mun je hutu, na bi shi gidan wani maƙwabcinsa da ba a gani a azahar ba. Ya yi sallama a zaure. Matar gidan ta amsa daga ciki ta ce ai ya fita tun safe. Kawu ya dubi bakin ƙofa, ya ce, "To madalla. Ki gaishe mini da takalmansa, na ga su sun riga shi dawowa." Muka ji dariyar mutumin daga cikin ɗaki. Da la'asar yana sahun gaba.

Ba duka ne abin dariya ba. Akwai wani Bafulatani da ke shigowa daga ruga duk Juma'a, ya tsaya a ƙarshen sahu. Wata Juma'a ba a gan shi ba. Mutane suka ce ai makiyayi ne, wataƙila sun yi gaba da shanu. Kawu bai ko cire rigar Juma'a ba ya bi hanya. Ya tarar da shi kwance shi kaɗai, zazzaɓi ya kayar da shi, 'ya'yansa sun tafi da dabbobi. Ya dawo ya ɗaura amalanke, ya kai shi bakin titi, daga nan mota zuwa asibiti a Gumel. Mutumin ya tashi. Kawu bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba, wajen surukata na ji shi.

Bayan surukata ta rasu, jikinsa ya fara ba shi wahala. Hawan jini, ga ƙafafu suna kumbura. Maigidana ya je ya ɗauko shi zuwa Kano don ya riƙa ganin likita, ko lokotoro kamar yadda shi yake faɗa, yara su yi ta dariya. Aka ce wata biyu zai yi. Ya zo da buzunsa da butarsa da jaka ɗaya.

Gidanmu a tsakiyar birni yake, bayan kasuwa. Yawancin gidajen layinmu sun koma ɗakunan ajiyar kaya, masu su sun tashi. Masallacin da ya fi kusa da mu shi ne babban nan na bakin kasuwa, mai bene, wanda lasifikarsa take shigowa har madafina. 'Yan kasuwa, 'yan dako, direbobi, baƙi masu sayen kaya daga garuruwa, kowa nan yake faɗowa ya yi salla ya koma abin da yake yi.

Ranar farko ya dawo daga azahar fuskarsa cike da murna. Na kai masa ruwa na durƙusa a bakin ƙofa.

"Uwata, yau wace rana ce a garin nan?"

"Talata ce, Kawu."

"Ba wani babban malami ne ya zo ba?"

"Haka yake kullum."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Kullum? To mutanen nan kullum Idi suke yi. Allah mun gode maka."

Da la'asar ya tafi ba buzu a hannunsa. Na tambaye shi, ya ce ai ya bar shi a can, a sahun gaba, gefen dama. A garinsu haka ake yi. Kowane dattijo buzunsa yana inda yake tsayawa, shekara da shekaru, ko yaro ya san na wane ne wannan. Da ya je bai tarar da shi ba. Masu shara sun kwashe, babu wanda ya san inda aka kai. Buzun ragon sunan maigidana ne, da hannunsa ya jeme shi. Maigidana ya sayo masa darduma mai laushi. Ya karɓa ya sa albarka, ya naɗe ta ya ajiye a kan jakarsa.

Wata biyu suka zama shekara, shekara ta zama shekaru. A cikinsu ban san ranar da kiran salla ya same shi a gida ba, sai in ciwo ya kwantar da shi. Na taɓa ce masa, "Kawu, akwai ƙaramin masallaci a unguwar da ke gaba, mutanensa ba su da yawa, za ku fi sabawa. Sai a riƙa kai ku." Ya ce, "Wanda na ji kiransa shi zan amsa. In na tsallake shi na tafi wani, me zan ce ya yi mini?"

Bai daina halinsa ba. Da an yi sallama zai miƙa wa na damansa hannu, ya miƙa wa na hagunsa, ya riƙe, ya fara gaisuwa irin ta gida: an wuni lafiya, ya iyali, ya gajiya, daga wane gari. Idan ya dawo sai ya ba ni labari yana cin tuwo, wani lokaci har da kwaikwayo.

"Na yau yatsu biyu ya ba ni, Uwata. Sauran ukun suna cikin waya."

Wata rana kuma ya ce, "Na tambayi wani yaro mai farar shadda daga ina yake, sai na ga ya dafe aljihu." Ya yi dariya, amma loma ta daɗe a hannunsa kafin ya kai baki.

Wadda ta fi taɓa shi, ita bai yi mata dariya ba. Ya dawo daga magariba ya zauna, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini takardar kuɗi a dunƙule. Ya tsaya gaishe da wani alhaji, bai kai ga ya iyali ba mutumin ya cusa masa ita ya wuce. Kawu, wanda rumbunsa ya ciyar da rabin layinsu a shekarar da gero bai yi ba. Ya ce, "Ba laifinsa ba ne. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya ba shi lada." Da ya koma isha'i ya jefa ta a akwatin masallaci. Daga ranar ya rage tsawon gaisuwarsa.

Akwai lokacin da ya samu wanda ya ɗauka aboki. Wani mutum mai 'yar furfura, kullum da zare manne a hularsa, wataƙila tela. Sun jima suna haɗuwa a wuri ɗaya da azahar, har mutumin ya fara ce masa, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Kawu ya dawo ya ce mini, "Na yi maƙwabci." Ya sa na soya masa gyaɗa ya kai masa. Sai wata rana babu shi, washegari ma babu. Kawu ya tambayi na kusa da shi, ya tambayi masu tsaron takalma, ya tambayi mai sayar da turare a ƙofa. Kowa ya ce wane daga ciki? Ya shiga layin teloli da sandarsa yana leƙa shaguna. Da ya dawo ƙafafunsa kamar za su fashe. Na dafa ruwa na kai masa.

"Kun same shi?"

"Ta yaya, Uwata? Ban tambayi sunansa ba. Na ɗauka akwai gobe."

A masallacin nan da wuya a wuni ba a kawo gawa ba. Bayan an idar sai a ce a tsaya, akwai jana'iza, namiji ne, ko mace ce. A yi kabbarori, a yi sallama, mutane su nemi takalmansu. Farkon ganinsa ya tambayi na kusa da shi, "Ɗan waye?" Mutumin ya ce, "Allah masani." Kawu ya fito waje ya ga an sa makara a bayan mota, masu binta ba su cika motar ba. A garinsu, in aka ɗauki gawa, gona ma barinta ake yi. Sai kawai ya miƙa sandarsa aka ja shi ya shiga motar.

Ni na fara ganewa, domin ni ke wanki. Jar ƙasa a gefen rigarsa, jar ƙasa a gwiwar wandonsa, ga shi ba ya dawowa daga azahar sai gab da la'asar. Da na tambaye shi bai ɓoye ba. Ya ce yana tsayawa har a gama, ya zuba tasa ƙasar, sannan ya nemi mai gawar ya tambayi sunan mamacin da na mahaifinsa, don in zai yi masa addu'a ya san wa yake yi wa.

Da maigidana ya ji, ransa ya ɓaci. Ban taɓa jin muryarsa ta hau a gaban mahaifinsa ba sai ranar. Ina tsakar gida ina tankaɗe, suna zaure.

"Baba, likita ya ce ka rage tsayuwa a rana. Kana shiga motar mutanen da ba ka sani ba, ana kai ka bayan gari. In ka faɗi a can fa? Wa zai gaya mana?"

"Allah zai gaya muku."

"Ba ka san su ba, Baba. Ba danginka ba ne, ba 'yan garinku ba ne."

"Shi ya sa."

"Ka yi musu salla, ai ka sauke nauyi."

"To mai da ni gida. Can in na bi gawa ba a kirana mai neman wahala."

"Wa zai duba ka a can? Wa zai ba ka magani a kan lokaci? In ciwon ya tashi, amalanke za a ɗaura maka?"

Ni da nake jin su, na rasa wanda zan ba gaskiya, domin kowa da tasa. Ranar Kawu ya mayar da kwanon abinci yadda na kai shi. Da safe na dama masa kunun tsamiya irin wanda surukata take yi masa, na durƙusa na ce, "Kawu, in ba ku sha ba ni ma ba zan karya ba." Ya dube ni ya ce, "Uwa ba ta yi wa ɗanta haka." Ya sha. Maigidana ya zo ya tsuguna ya ba shi haƙuri. Aka tsaya a kan zai riƙa bin jana'izar kusa kawai, banda tsakar rana. Ya ce to. Jar ƙasa dai ba ta bar wankina ba.

Mun kai shi gida da wata babbar salla. Tun daga Gagarawa ya gyara zama, yana nuna wa yara gonaki, yana faɗin wanda ya yi shuka da wuri da wanda ya makara, kamar nasa ne. A ƙauye ya zama wani mutum daban, har sandar ya riƙa mantawa. Amma da ya dawo daga sallar farko a masallacinsu sai ya zauna a gindin darbejiya bai shiga gida ba. Ladan ya rasu, ba a gaya masa ba don kada jininsa ya hau. Mai takalman nan ma ya rasu. Samarin garin suna Legas da Abuja. Ya ce mini, "Na juya zan yi tambayata, sai na ga amsar ta fi ƙarfina." Da za mu koma bai yi gardama ba, shi ya fara shiga mota.

A kan hanyar ce, yara sun yi barci, ya yi maganar da ban manta ba. Da can yakan ce in mutuwa ta zo a mai da shi gida. Ranar ya ce wa maigidana, "Na janye. Kada ku wahalar da gawa a kan titi, ƙasa duk ta Allah ce. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ce namiji ne kawai. A ce wane ne, ɗan wane, daga gari kaza." Maigidana ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba." Kawu ya juya yana kallon gonaki.

Ranar da abin ya faru ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Ya karya, ya yi mitar miyar da ba gishiri, wadda yake kira miyar lokotoro. Maigidana ya tafi kasuwar hatsi a ɗaya gefen gari, yara suna makaranta. Aka kira azahar, ya yi alwala ya fita. Na ji an tayar, na ji an idar. Na yi tawa sallar, na koma ina gyaran shinkafa.

Can sai lasifika ta sake buɗewa. Mun saba, ko yaro ne ya ɓace, ko mota ta tare hanya. Ban ɗaga kai ba.

"Jama'a, a saurara. Akwai wani dattijo da Allah ya yi wa rasuwa yanzu a cikin masallaci. Yana da farin gemu, riga shuɗiya mai aiki a wuya, da sanda ɗaure da fata. Duk wanda ya san shi, ko ya san iyalinsa, ya taimaka ya zo."

Da safen nan na goge rigar.

Ban san yadda na sa hijabi ba. Na kira maigidana ina tafiya, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Na ratsa masu kura da masu talla, wani yana ce mini Hajiya a ba da hanya. A ƙofar masallaci ciniki ake yi, dabino, huluna, turare. Wani mutum ya tare ni ya ce wajen mata ta baya ne. Na ce saboda sanarwa na zo. Sai ya sauke murya ya ce in biyo shi.

A ɗakin ajiye tabarmi suka kwantar da shi, an rufe shi da mayafi. Suka ce bayan an idar ya jingina da ginshiƙi, carbi a hannunsa. Sahu ya watse, an ɗauka gyangyaɗi yake, sai da masu shara suka zo wajen. Aka buɗe mini fuskarsa. Shi ne, kamar zai ce Uwata kin zo.

Mutanen da ke tsaye suna ta magana a hankali. Wani ya ce, "Kullum yana nan, sahun gaba, gefen dama." Wani ya ce, "Ai shi ne mai bin jana'iza. Ni na ɗauka ma'aikacin maƙabarta ne." Mai tsaron takalma ya ce, "Yana gaishe ni kamar ya san gidanmu." Duk sun san fuskarsa.

Na'ibin liman ya matso, ya tsaya nesa kaɗan da ni.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Mene ne naki?"

"Kawuna ne. Mahaifin maigidana ne."

"Allah ya jiƙansa. In kun amince za mu sallace shi a nan bayan la'asar. Zan sanar da cewa an samu iyalinsa."

Ya juya zai tafi. Na ce, "Malam, a faɗi sunansa."

Ya tsaya. "To, ya sunan?"

Tunda aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗana na fari shi aka sa wa sunan, ko a asibiti sai dai in nuna katin a karanta. Ga maza tsaye suna jira. Na faɗa, bai ji ba, ya ce in ƙara. Na ɗaga murya na faɗi sunan Kawu, na faɗi na mahaifinsa, na faɗi sunan ƙauyen. Na'ibin ya maimaita, ya yi kuskure a sunan garin, na gyara masa.

Ina tsaye a harabar masallaci lokacin da lasifika ta ɗauka. Sunan ya fita ta saman rumfuna, ya bi layin teloli, ya kai har inda motoci suke lodi. Sau biyu ya faɗa. Kasuwa ba ta tsaya ba. Wani mai kura da ke wucewa ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ci gaba da turawa. Sai a lokacin wayata ta yi ƙara, maigidana ne, yana tambaya ko lafiya ya ga kirana.

Ya Allah, kai ba ka bukatar a gaya maka ko shi wane ne. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka haɗa shi da waɗanda ya raka bai san su ba. Wanda kuma ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya ga Kawuna.